Rigar Kunama a Bayan Ƙofa

Assalamu alaikum Edita, da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ina girgiza kai ina cewa wannan wane irin wawa ne, sai ga shi yau ni ma na kawo nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa wasunsu suna raye, kuma wahalar da suka sha ta ishe su. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da uku, haifaffen Makka, a unguwar Nakkasa, can kan dutse inda gidaje suke hawa kan juna. Iyayenmu sun zo aikin Hajji daga Kano tun kafin a haife ni, suka zauna, irin waɗanda a gida ake ce wa takari. Babanmu ya rasu ina ƙarami. Ba ni da takardar haihuwa, ba ni da fasfo, ba ni da igama, wato katin izinin zama a ƙasar. A idon hukuma ba a taɓa haihuwata ba, amma ni a ganina babu wayayye kamata tun daga Nakkasa har Misfala. Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakina, ga gashin baki ya fito, ga iya tuƙa babur har da sakin hannu. Ina jin duniya ba ta da wani abu da za ta koya mini.

A gida akwai Umma, akwai Yaya wanda ya girme ni da shekara bakwai, sai ni. Shi a Kano aka haife shi, aka zo da shi yana ɗan yaro. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a shagon wani Balarabe a Misfala. Mutum ne mai jiki, mai shiru, wanda in ya dawo daga aiki ba abin da yake nema sai shayi da wurin miƙe ƙafa. Lokacin da hukuma ta buɗe ƙofar gyaran takardu, ubangidansa ya tsaya masa a matsayin kafili, ya samu igama bayan zirga-zirgar da ta cinye masa takalmi. Ranar da ya kawo katin gida Umma ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka, ta dafa shinkafa da kaza kamar ranar salla. Wanda bai zauna can ba, ba zai gane ba. Da wannan kati ɗaya aka kama hayar gidanmu, da shi aka yi rajistar layukan wayarmu, da shi Yaya ya sayi babur, da shi ya yi aure hankali kwance, kuma a kansa muke sa ran wata rana a gyara tawa takardar. A unguwarmu akwai wata al'ada da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. Idan askarawa, wato 'yan sanda, suka hawo dutse, mata za su fara kira daga taga zuwa taga, marasa takarda su sulale ta baya su shige maƙwabta, wanda yake da igama shi ne zai tsaya ya buɗe ƙofa. A gidanmu Yaya ne mai buɗe ƙofa.

Shirin da ya juya mini kai wani abokina ne ya kawo shi. Bari in kira shi da abin da muka riƙa kiransa daga baya, Rayis, wato shugaba. Yana da wata tsohuwar kwamfuta, ya je shagon intanet aka zuba masa wani dogon shirin talabijin na Turawan Amurka, da fassarar Larabci a ƙasa. Labarin wata ƙungiyar 'yan babur ne, ƙattai masu gemu da zane a jiki, kowa da baƙar rigar fata mara hannu, suna safarar bindigogi, suna faɗa da 'yan sanda da sauran ƙungiyoyi. Kullum bayan azahar, idan rana ta kori kowa daga titi, mu shida mu cunkushe a ɗakin Rayis, fanka tana kaɗa mana iska mai zafi. Idan an zo wurin rashin kunya mu tsallake, ko dai a ce muna tsallakewa, idan an zo wurin harbi mu maimaita. Amma ba harbin ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda suke kiran junansu 'yan'uwa, suna cewa ƙungiya ita ce dangi. Hukuma ba ta ganin darajarsu, su ma ba sa ganin tata, sun yi wa kansu doka, kuma wanda ya tona asirin ɗan'uwa ya fi kare ƙasƙanci a wurinsu. Mu da muka tashi muna ruga da gudu idan mun hango motar askar, sai ga mutanen da askar ke shakkar tsayar da su. Wallahi na riƙa jin labarinmu aka ɗauka, illa dai baburansu sun fi namu girma.

Ba a yi wata biyu ba muka kafa tamu ƙungiyar. Muka samo ƙaton faifan katako da ake naɗe wayar lantarki a jiki, muka kifa shi a saman rufin gidan su Rayis, ya zama teburin shawara, domin su ma a shirin a kan tebur suke yanke hukunci ta hanyar ɗaga hannu. Rayis ya samo gudumar bakanike ta buga tebur. Riguna kuwa, wani mai ɗinkin kujerun mota a unguwar Jarwal ya ɗinka mana da irin ledar da ake rufe kujera, ya yi mana hoton kunama da jan zare a baya. Ku dubi hauka, a zafin Makka da mutum yake neman yadda zai tuɓe fatar jikinsa, mu muna ƙara ta kujera. Umma ta ce na yi kama da kujerar tasi da ta miƙe tsaye. Yaya bai yi faɗa ba. Ya ɗaga rigar ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko kunamar tana ba da igama, sannan ya rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofar shigowa, kuma tun daga ranar a nan nake rataye ta. Muka yi rantsuwa, ba da Alƙur'ani ba, don ko a haukanmu mun ji tsoron haka. Hannu muka ɗora a kan tebur, muka ce abin ɗaya na kowa ne, kuma ko yanka mutum za a yi ba zai ambaci sunan ɗan'uwa a gaban hukuma ba. A lokacin babban laifin da ƙungiyarmu ta taɓa aikatawa shi ne hana tsofaffin unguwa barcin rana da ƙarar salansa.

Lokacin Hajji shi ne kakarmu. Ana rufe hanyoyi da yawa ga motoci, alhazai su gaji da tafiyar ƙasa, mai babur ya ɗauki mutum daga Misfala ya kai shi kusa da Harami ko bakin hanyar Mina, ya samu a 'yan kwanaki abin da ba ya samu a watanni. Hukuma ta hana, tana kuma ƙwace babura, amma kowa yana yi. Ni ba ni da nawa, na Yaya nake ara. A shekarar matarsa ta haifi 'ya mace, ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Jarwal, shi kuma aiki ya yi musu yawa a masaukan alhazai, a ƙafa ma yake zagayawa da jakar kayan aiki. Ya ba ni makulli da sharaɗi ɗaya, ya maimaita shi har sau uku yana riƙe da kunnena: kada kowa ya hau sai ni, domin lambar da ke jikin babur ɗin sunansa ce. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kwana biyu da saukowa daga Arfa aka ƙwace babur ɗin Rayis a wani shingen bincike. Da hantsi ya zo ya miƙo mini hannu, ya tuna mini dokar tebur. Na tuna kunnena, na tuna tebur, na ba shi makulli. Har daɗi na ji a raina, wai na nuna ni ɗan ƙungiya ne na gaske.

Bayan la'asar ya dawo a ƙafa, ba rigar kunama a jikinsa, gwiwarsa tana jini, leɓensa ya bushe. Ya ce ya ɗauko fasinja, yana sauri ya bi hannun da ba nasa ba, wani tsohon alhaji ya fito daga bayan bas, ya kwashe shi. Tsohon ya faɗi bai tashi ba. Mutane suka yo ca, shi kuwa ya yar da babur ya kutsa cikin taro, ya tuɓe rigar ya jefa a shara. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Abin da na fara tambaya shi ne lamba, ya ce tana jiki mana, ina ya ga lokacin cire ta. Aka kira sauran, muka hau rufi muka zagaye tebur. Rayis ya buga guduma, ya ce yau ce ranar da za a san maza. Ya ce Yayana yana da igama, yana da kafili Balarabe, kwana biyu za a riƙe shi a gane ba shi ba ne a sake shi. Shi Rayis kuwa in aka kama shi, kurkuku ne, sannan tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Wani ya ce ai wannan gaskiya ne, wani ya ce wallahi haka ne. Aka ce wanda ya yarda a yi shiru ya ɗaga hannu. Hannu biyar suka tashi, idanu goma suna kaina. Har yau ban san abin da ya ɗaga nawa ba, amma ya tashi.

Da Yaya ya dawo bayan magariba ya tambayi babur, na ce sarƙa ce ta tsinke na bar shi wurin bakanike. Ya ce Allah ya kyauta. Ya sha shayinsa, ya nuna mini hoton jaririyar a waya, ya ce hancina ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Na yi dariya. Sau biyu ina buɗe baki in gaya masa, sau biyu ina haɗiye maganar ina cewa sai da safe. Da safen, muna cikin karin kumallo, muka ji kiran mata yana hawowa daga gindin dutse. Jikina ya san abin yi tun kafin kaina ya yi tunani. Na kama hannun Umma muka fita ta baya muka shige gidan maƙwabciyarmu. Yaya ya ajiye kofi, ya taɓa aljihu ya tabbatar katinsa yana nan, ya nufi ƙofa kamar yadda ya saba. Ta wata ɓula a bangon maƙwabciya na ga an fito da shi hannu a baya, ɗaya daga cikin askarawan yana riƙe da rigata a cikin leda. Sai a lokacin na tuna inda na rataye ta.

Kwana biyun Rayis suka zama mako. Ubangidan Yaya, Allah ya saka masa da alheri, ya yi ta kai da komowa, ya hawo har gidanmu ya zauna a kan tabarma yana haki, ya yi wa Umma bayani, ni ina fassara mata abin da ba ta gane ba. Tsohon bai mutu ba, ƙugunsa ne ya karye. Shaidu sun ce baƙar fata ne sanye da baƙar riga mai kunama a baya. Lamba ta kawo su gidan, ga kuma riga a bayan ƙofa. Abin da ya fi ɗaure mana kai, Yaya ya amsa cewa rigar tasa ce, shi ne yake tuƙi. Balaraben ya ce ya san ƙarya ne, shekara goma sha biyu yana tare da shi bai taɓa ganin ya yi gaggawa ba ko a cin abinci, amma a ranar ya aike shi gyara shi kaɗai, ba shi da shaidar inda yake. Ya ce kafin takardu su isa gaban alƙali akwai sauran dama. Idan wanda ya yi tuƙin ya bayyana, ko wanda ya san shi ya je ya faɗa, za a iya ceton igamar ko da an ci Yaya tara. Idan aka wuce nan, halas, magana ta ƙare, ɗauri ne, sannan a ɗauki basma, wato hoton yatsunsa, a fitar da shi daga ƙasar ba dawowa. Yana maganar yana kallona. Wannan ta ƙarshen ban fassara wa Umma ba, amma ta gane.

Na koma wurin Rayis. Ya ce in yi haƙuri, ana matsa wa mutum ne don a ga ƙarfin zuciyarsa, ya tuna mini hannuna da na ɗaga. Na koma karo na biyu, ya ce yana da wani da ya san wani. Karo na uku na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakinsa, aka ce ya bi wata motar kaya zuwa Jidda tun jiya. Sauran huɗun kowa ya ɓoye rigarsa, in na kira waya sai a ce ana aiki. Abin kunyar da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba. Rayis ya bar kwamfutarsa wurin ɗayanmu, na karɓo ta, na kulle kaina a ɗaki kwana biyu ina kallon shirin daga farko, wai ina neman abin da ya kamata in yi. Yayana yana tsare, ni ina tambayar Turawan fim shawara. Abin da na samu kuwa ƙarin ruɗani ne. A wani wuri mutum ya zaɓi ƙungiya a kan jininsa, a sa masa kiɗan jarumta. A wani wuri ya zaɓi jininsa a kan ƙungiya, a sa masa kiɗan nan dai. Wanda ya yi ƙarya ya ce don dangi ya yi, wanda ya tona ƙaryar shi ma ya ce don dangi. Abu ɗaya ne kawai na lura da shi wanda da ban gani ba. Su idan an ɗaure mutum, bayan kashi biyu ko uku zai fito a yi masa liyafa a garinsu, ya koma ɗakinsa. Babu wanda ake tambaya igama, domin ƙasar tasu ce.

Umma ma ba ta sauƙaƙa mini ba, kuma ban ga laifinta ba. Wata safiya ta tashe ni ta ce in sa takalmi in je in fito da ɗan'uwana, mutum mai jaririya ko arba'in ba a yi ba. Na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, sai ta riƙe mini riga ta fashe da kuka, ta ce wa na sani a Najeriya, shi ko ba komai yana da fasfo da sana'a, ni ko sunana babu a can. Na cire takalmi. Washegari ta ƙi yi mini magana, ta zuba mini abinci ta juya baya. Gaba kura, baya sayaki. Idan na je, ba ni da takarda, daga nan ba zan dawo gida ba. Rayis ya gudu, mai yiwuwa ma a ƙi yarda da ni, a haɗa ni da Yaya a fitar, a bar tsohuwa ita kaɗai a kan dutse. Idan ban je ba, Yaya ya tafi da katin da yake riƙe da gidan gaba ɗaya. Duk tsawon kwanakin nan Umma ba ta taɓa tambayata wane ne ya yi tuƙin ba, ni kuma ban faɗa ba.

Sau biyu ina zuwa ofishin da yake tsare. Ina tsayawa a tsallaken titi wurin mai sayar da lemo, in sayi kofi ɗaya in riƙe har ya huce, ina kallon masu shiga da fita. Ina ce wa kaina na yi rantsuwa, namiji ba ya cin amana. Sai wata zuciyar ta ce amanar wa, ta mutumin da ya gudu ko sallama babu? Sai in ce ai Umma ce ta riƙe ni. Sai in tuna ita ce kuma ta ce in sa takalmi. Dalili na uku, wanda ƙafafuna suka sani ni na ƙi ambata, shi ne tsoro. Ana nan sai ubangidan Yaya ya kawo saƙo daga bakinsa: a gaya wa ƙaramin ya kula da Umma, kuma kada ƙafarsa ta kuskura ta zo kusa da nan. Na yi ta juya wannan magana. Umarni ne na in tsira, ko kuwa ba ya son ganin fuskata ne? Ban sani ba. Na ɗauki fassarar da ta fi yi mini daɗi, na ce Yaya da kansa ya hana ni, na daina zuwa wurin mai lemo.

Tsohon alhajin, kafin a mayar da shi ƙasarsu a kan keken marasa lafiya, ya yafe haƙƙinsa. Amma haƙƙin hukuma yana nan, ga gudu daga wurin haɗari, ga ɗaukar fasinja. Yaya ya yi watanni a ɗaure, aka ɗauki basma, aka sa shi a jirgi. Ba mu gan shi ba. Ubangidansa ne ya kawo mana jakar kayan aikinsa, ya ajiye a gaban Umma ya fita yana share ido. Bayan shekara guda matarsa da 'yarsa suka bi shi. Haya ta ƙare babu mai igamar da zai sabunta, muka koma ɗaki ɗaya a bayan gidan wasu mutane. Teburin shawararmu wata mata ta gangaro da shi tana ɗora tiren ƙosai a kai. 'Yan ƙungiya in muka haɗu a hanya sai mu gaisa a tsaitsaye, kowa yana kallon wani wuri. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ba haka aka yi ba.

Umma ta yi shekara uku bayan haka. Jikarta a waya kawai take ganinta, tana shafa gilashin da yatsa. Ta rasu aka binne ta a Makka kamar yadda ta daɗe tana roƙo. Yaya bai iya zuwa ba, ko da sunan Umara. Da na gaya masa a waya sai ya tambaye ni su wa suka ɗauki makararta. Bayan haka ban ga abin da nake tsaro a Makka ba. Da hukuma ta ba marasa takarda damar fita ba tare da hukunci ba, na kai kaina. Shiga irin ƙofar da ta gagare ni shekarun baya bai ɗauke ni ko minti biyar ba.

A Kano na tarar da Yaya ya buɗe ɗan shagon gyaran firji, ya rame har na kusa wuce shi. Ya rungume ni, ya ba ni ɗaki, ya sa ni a shago ina miƙa masa kayan aiki. Wata rana da yamma an ɗauke wuta, muna zaune a bakin shago, shi da kansa ya ɗauko maganar, yana dariya. Ya ce a ofishin an ba shi rigata aka ce ya sa. Ya sa hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga, leda tana ƙara a kafaɗarsa. Askar ya ce wannan ba taka ba ce. Ya ce masa tasa ce, aure ne ya sa shi ƙiba. Suka tambaye shi sau uku, sau uku yana cewa aure ne. Ya yi dariya har da tari, sannan ya dafa gwiwata ya ce in daina sunkuyar da kai in na gan shi, haɗari ba ya wuce kan kowa, shi bai taɓa nadama ba, domin da an kama ni da laifin buge mutum da gudu ba ni da takarda, Allah kaɗai ya san shekarun da zan yi. Ya ce duk ranar da kurkuku ya yi masa zafi, sai ya tuna ƙaninsa yake fansa, sai ya ji sanyi.

A nan ne na gane. Duk shekarun nan Yaya ya ɗauka ni ne na buge tsohon. Babur a hannuna yake, riga tawa ce, ga ƙaryar sarƙa da na yi masa. Me kuma zai ɗauka? Wataƙila Umma ma da wannan ta shiga kabari. Wataƙila kuma ni ma na san haka suke zato, na ƙi bari kaina ya sani. Ya dube ni ya tambaye ni ko lafiya. Sai na gaya masa komai, makulli, Rayis, tebur, guduma, da hannuna da na ɗaga. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya tambaye ni, ashe ba ni ba ne. Na ce ba ni ba ne. Ya sake tambaya, yaron nan mai kwamfuta. Na ce shi. Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, da na gaya masa a ranar muna shan shayi, da shi da kansa zai raka askarawa har ƙofar ɗakin yaron, kuma da shi ne zai ɗauki makarar Umma. Ya tashi ya shiga shago, ya ci gaba da kwance wani firji a cikin duhu.

Bai kore ni ba. Har yau a gidansa nake, tare muke cin abinci, 'yarsa mai hancina tana kirana Baba Ƙarami. Amma bai ƙara ba da labarin rigar ba, wanda matarsa ta ce da duk baƙon da ya zo sai ya ji shi. Ni kuwa har yanzu a ruɗe nake. Ban san ko na kyauta da na gaya masa ba. Na yi shiru lokacin da magana za ta cece shi, na yi magana lokacin da shiru ne kaɗai abin da ya rage yana sanyaya masa rai. Wani malami ya ce mini gaskiya ba ta tsufa, wani dattijo ya ce da na bar shi da abin da yake riƙe da shi. Duka biyun in na saurara sai in ga suna da gaskiya.

Abin da na tabbatar kaɗan ne, kuma shi nake so matasa su ji, musamman 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar mutane. Ban ce kallon fim haramun ne ba, ni ba malami ba ne. Amma kafin ka ɗauko dokar mutanen cikin fim ka ɗora wa rayuwarka, ka tuna su in an gama ɗauka wanka suke yi su tafi gida. Kada ka yi wa abokai rantsuwa da abin da ba naka ba, domin ni da na ɗora hannu a kan tebur, igamar Yaya na ɗora, da gidan Umma. Idan ka yi ɓarna, ka faɗa wa wanda za ta faɗa kansa a ranar, kafin shayinsa ya huce, kada ka ce sai da safe. Kuma idan kana neman sanin su wane ne danginka, ba sai ka ɗinka riga ba, ka duba wanda yake tashi idan an buga ƙofa. Ina roƙon masu karatu su sa Umma a addu'a, su roƙa mini gafarar Allah da ta Yaya. Yanzu a gidan nan duk lokacin da aka ƙwanƙwasa, ni nake riga kowa tashi in buɗe. Ba kowa ke zuwa ba sai mai ruwa da masu kawo firji, amma ina tashi.